Baƙin Da Ke Kwana Gidan Manomi: Wa Za A Kora, Wa Za A Bari?

'Yan'uwa manoma, ga shi kaka ta yi, an kwaso amfanin gona an kawo gida, rumbuna sun cika gwargwadon abin da Allah ya hore wa kowa. To, yanzu ne ya kamata mu yi magana a kan waɗansu halittu da ke zaune tare da mu cikin gida, ba mu kira su ba, ba su kuwa yi sallama ba. Akwai na cikin jinka, akwai na gindin randa, akwai na ƙarƙashin rumbu, akwai kuma waɗanda ba su fitowa sai an kashe fitila.

Abin da muka saba shi ne, kome ya motsa a jikin bango sai a ɗauki takalmi. Yaro ya ga mujiya ya nemi dutse, uwargida ta ga jaɓa ta yi kururuwa, maigida kuwa ya tafi kasuwa ya sayo guba ya barbaɗa ko'ina. Amma waɗannan baƙi ba duka ne maƙiya ba. Waɗansu cikinsu ƙwadago su ke yi mana dare da rana, ba su neman ko anini. Wanda ya kashe su ba sani ba sabo, ya kori masu gadinsa ke nan, ya bar ɓarawo a ɗaka. Saboda haka wajibi ne manomi ya san kowanne da aikinsa.

Jemage

Mu fara da jemage, gama shi aka fi zalunta. Jemagu iri biyu ne manya-manya. Akwai ƙaramin da ke shiga tsagar soro ko tsakanin kwano da silin, wanda ke fitowa da almuru yana kai da kawowa a tsakar gida. Wannan ƙwari ne abincinsa. Ba makaho ba ne yadda a ke faɗi, amma ba da ido ya ke farauta ba. Wata 'yar siririyar ƙara ya ke yi wadda kunnen mutum ba ya ji, in ta bugi ƙwaro ta komo masa, sai ya san inda ƙwaron ya ke. Macen da ke shayarwa ta kan ci ƙwari kusan nauyin jikinta a dare guda. Cikin abin da ta ke ci har da malam-buɗe-littafin dare, mai launin toka, wanda ke zuba ƙwai a ganyen dawa da masara, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya zama tsutsa. Kowa ya san irin ɓarnar da baƙuwar tsutsar masara ta yi tun da aka fara ganinta a Nijeriya a 2016. To, duk uwar tsutsar da jemage ya cafke a sama, ƙwai ɗari-ɗari ne ba su sauka a gona ba. A Amurka masana sun yi lissafi a 2011, suka ce aikin da jemagu ke yi wa manoman ƙasar a shekara bai kasa dala miliyan 3,700 ba.

Sai dai kada wani ya ji haka ya naɗe gidan sauronsa. Jemage yana cin sauro, amma ba ya cinye shi. Gidan sauro yana nan a matsayinsa.

Na biyu shi ne babban jemage mai fuska kamar ta ɗan kwikwiyo, wanda ke rataya a manyan itatuwa yana cin 'ya'yan itace. Mai lambun mangwaro da gwaiba ba ya ƙaunarsa, kuma yana da hujja. Amma bari mu dubi ɗaya gefen. Ka taɓa lura da furen ɗorawa da rani, jajayen nan masu lilo kamar tuntun hula? Da dare su ke zubo ruwan zaƙi. Jemage ya kan zo ya rungumi furen yana lasa, garin furen ya manne masa a gashin ƙirji, ya tashi ya kai wa wata ɗorawa. Ta haka itacen ke samun barbara ya yi 'ya'ya. Ƙudan zuma ma suna taimakawa da magariba da sassafe, amma jemage ya fi su nisan tafiya, shi ke haɗa ɗorawar wannan gona da ta waccan. Tun a 1957 waɗansu masana biyu, Baker da Harris, suka rubuta wannan bayan sun tsaya sun duba da idonsu a ƙasar Gana. Haka kuka, farin furenta mai girma da yamma ya ke buɗewa, jemage ya ke jira. Haka rimi da hunturu.

Watau daddawar da ke cikin miyarka, da garin ɗorawa da yara ke sha, da makubar da a ke shafe katanga, da 'ya'yan kuka da mata ke damawa, duk da hannun jemage a ciki. Bayan wannan kuma shi mai shuka ne. In ya ci 'ya'yan ɓaure ko waninsu, ya kan kasayar da irin a wani wuri mai nisa. A Ankara, babban birnin Gana, akwai garken irin waɗannan jemagu a itatuwan bakin asibitin soja da a ke kira 37. Masana sun ɗaura wa waɗansunsu 'yar na'urar bin sawu, suka tarar suna iya kai iri har nisan kilomita 75. Ina malamin daji da zai yi wannan dashe a dare ɗaya? A ƙasa irin tamu, inda gatari ya fi shuka yawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka ba mu ce a kwana ɗaki ɗaya da jemage ba. Kashinsa in ya taru a silin yana wari, ƙurarsa kuma ta kan sa ciwon huhu. Yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta. A 1956 aka gano wata 'yar'uwar cutar haukan kare a jikin manyan jemagu a tsibirin Ikko, cutar Marburg kuwa, wadda ta ɓulla a Gana a 2022, asalinta daga jemagun kogo ne. Dokar ita ce: kada a taɓa jemage da hannu, rayayye ko matacce. Wanda ka gani a ƙasa da rana yana jan jiki, mai yiwuwa ba shi da lafiya, a hana yara ɗaukarsa. Kada a ci mangwaron da ya gatsa. In ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti a ranar.

In sun cika maka rufi, ba hayaƙi ko guba ne magani ba, gama za su mutu a ciki su ruɓe. Ka tsaya da almuru ka ga kafar da su ke fita. Ka toshe sauran kafofin duka da rana, ka bar wannan guda. Bayan kwana biyu, in sun fita kiwo, ka toshe ta. Amma ka saurara tukuna: in kana jin tsuwar 'ya'ya a ciki bayan manya sun fita, ka dakata 'yan makonni har su yi fiffike. Jemage yawanci ɗa guda ya ke haifa a shekara, ba kamar ɓera ba, don haka in aka hallaka garke ba ya komowa da wuri. Kashin kuwa, a yayyafa masa ruwa, a ɗaure hanci da baki da ƙyalle, a kwashe a kai gona. Taki ne mai ƙarfi, kaɗan ya isa.

Gizo-gizo da 'yan'uwansa na bango

Gizo na tatsuniya macuci ne, amma na kusurwar ɗaki bai cuci kowa ba. Ba ya cin hatsi, ba ya cin tufa, ba ya cin azara. Ƙuda da sauro da ƙananan ƙwari su ne abincinsa. A 2017 masana sun ƙiyasta cewa gizo-gizon duniya duka suna cinye abin da ya kai tan miliyan 400 zuwa 800 a shekara, mafi yawansa ƙwari. A bakin tabkin Biktoriya a ƙasar Kenya ma akwai wani ɗan ƙarami mai tsalle, wanda ya fi son macen sauro da ta sha jini ta ƙoshi, watau ita dai wadda ke kawo zazzaɓin cizon sauro.

Ba wanda ya ce a bar yana ta rufe ɗakin kwana, tsabta wajibi ce. Amma yanar da ke turken awaki, da akurki, da bayan rumbu, me ta tsare maka? A bar ta ta kama ƙuda. Wanda za a kiyaya shi ne wani mai ruwan ƙasa, mai ƙundun ciki, da jan tabo ko ruwan goro a ƙarƙashin cikin, jakar ƙwansa tana da tsinkaye kamar ƙarangiya. Ya kan ɓuya ƙarƙashin kujera, da bakin tsohon bokiti. Cizonsa da zafi ƙwarai. Ba ya bin mutum, sai an matse shi. Maganinsa shi ne kada a cusa hannu inda ido bai gani ba. Sau da yawa kuma ƙurajen da a ke cewa tautau ne ya yi wa mutum, ba gizo-gizo ba ne ko kaɗan. Wani lokaci wani ɗan siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi da aka murje a fata cikin barci, wani lokaci kuwa ciwo ne daga cikin jiki, wanda likita ne zai gane shi.

Tsaka ba ta da dafi, kuma ba ita ke kawo kuturta ba, gama kuturta ƙwayar cuta ce da ke bi daga mutum zuwa mutum, tana da magani a asibiti. Abin da malamai suka faɗa a kanta, wannan fagensu ne, a tambaye su. Namu na gona shi ne, ƙwari ta ke ci, amma kashinta da na ƙadangare suna iya ɓata abinci su sa gudawa. A rufe randa, a rufe tuwo, shi ke nan.

Kwaɗon gindin randa, da bushiya, da jaɓa, duk ma'aikata ne. Kwaɗo ya kan share shinge da gyare da kyankyaso. Bushiya ta kan bi lambu da dare tana tsintar tsutsa da katantanwa. Jaɓa kuwa, ita ce ke shan dukan da ya kamata ɓera ya sha. Dubi bakinta, dogo ne mai tsini, haƙoranta na cin ƙwari ne, ba na gaigayar hatsi ba. Warinta ne dai ya jawo mata baƙin jini. Shamuwa ba ta bukatar mai roƙa mata, kakanninmu sun riga sun san darajarta, shi ya sa ta ke sheƙa a tsakiyar gari ba mai jifarta, tana bin gona tana cin fara da tsutsa.

Mujiya

Mujiya ba ta san ranar mutuwar kowa ba. Abin da ya kawo ta bisa katangarka shi ne ta ji motsin ɓera. Farar mujiyar nan mai faffaɗar fuska, wadda ke kwana a tsohon soro ko kogon kuka, in tana da 'ya'ya, ita da mijinta su kan kashe ɓeraye fiye da dubu a shekara. A Malesiya masu gonakin kwakwar manja, a Isra'ila da Jodan kuma masu gonakin alkama da dabino, akwatunan katako su ke kafa mata bisa dogayen sanduna don ta zo ta yi gida. Su suna kiranta, mu muna jifarta, muna kuma kai kuɗinmu wurin mai guba.

Ɓera

Yanzu mun zo ga maƙiyi na gaskiya. Ɓera yana cin hatsi, abin da ya ɓata da fitsari da kashi kuma ya fi abin da ya ci. Yana huda buhu, yana cin ƙwai da 'yan tsaki. Wannan duk tsohon labari ne. Abin da ya fi muni shi ne zazzaɓin Lassa. An fara gane wannan cuta a 1969, a garin Lassa da ke jihar Borno yanzu, daga nan ta samo sunanta. Mai ɗauke da ita wani ɓera ne mai nonuwa da yawa jere a cikinsa, wanda ke zaune a daji da gida duka. Shi cutar ba ta kayar da shi, amma tana cikin fitsarinsa da kashinsa. In ya bi ta kan shanyar gari ko tuwon da aka bari a buɗe, ya bar ta a nan. Cutar ta fi tashi da rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, lokacin da daji ya bushe, aka ƙone shi, ɓeraye suka komo gida inda abinci ya ke. Ta kan fara kamar zazzaɓin sauro. Yawancin waɗanda suka kamu su kan warke, amma tana kisa, ta fi tsanani ga mai ciki, waɗansu kuma ta bar su da kurumta. In zazzaɓi ya ƙi jin maganin sauro bayan kwana biyu ko uku, ga ciwon maƙogwaro, kada a zauna gida ana jiƙe-jiƙe, a tafi asibiti.

Wannan ɓera cikinsa bai fi kwana 23 ba, ya kan haifi goma ko fiye a lokaci guda. A nan ne asirin guba ya ke tonuwa. Ka zuba guba, ɓera ya ci, ya fito yana tangaɗi. Mujiya ta ɗauke shi, ko kyanwa, ko shirwa, su ma su mutu. Bayan wata biyu ɓerayen maƙwabta sun hayayyafa sun cika gurbin, amma mujiya da kyanwa ba su komo ba. Sai ka ga ɓera ya fi na da yawa, ka ƙara sayo guba. Ga kaji da ke tsintar ragowar, ga yaro mai rarrafe. Mun ga gidajen da suka yi shekaru a wannan zagaye, mai guba kaɗai ke cin riba.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɓera ba ya zama inda ba abinci da maɓuya. A share gindin rumbu ƙal, kada a jingina masa kara ko itace, a bar sarari ƙarƙashinsa yadda kyanwa za ta wuce. Rumbun da ke bisa ƙafafun itace, a ɗaga shi kamar mita guda, a sa wa kowace ƙafa guntun kwano a kife kamar malafa, ɓera ba ya iya wuce shi. Buhunan da ke ɗaki a ɗora su bisa katako, nesa da bango, kuma in da hali kada a kwana ɗaki ɗaya da hatsi. Gari da tsaba su shiga tukunya ko durom mai murfi. Ramin da ke gindin bango a cusa masa tsakuwa a yaɓe. Juji ya yi nisa da gida. Shanyar bakin titi da a ke bari ta kwana, a daina. In za a kama ɓera a yi da tarko, mataccen kuwa kada a ɗauke shi da hannu tsirara, a sa leda a hannu, a binne shi da zurfi. Kafin a share kashinsa a yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi. Samarin da ke cinna wa daji wuta don farautar ɓera, su sani suna iya kawo cuta gida a cikin jakarsu.

Game da ƙwarin hatsi ma akwai hanyar da ba ta guba ba. Buhun nan mai ruɓi uku da a ke kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a ƙasashenmu tun 2007 saboda wake, iska ya ke hana ƙwaro har ya mutu. Wanda kuwa ya ce sai ya sa ƙwayar nan mai fitar da iskar guba cikin hatsi, to, ko kusa kada ya sa ta a ɗakin da mutane ke kwana ko mai manne da shi, gama iskar ba ta san ƙwaro da mutum ba.

Maciji da kunama

Maciji ɓera ya ke bi. Gidan da ya rabu da ɓera, ya rage baƙuncin maciji. Da yawa cikin macizan da ke shiga gida ba su da dafi, ɓera su ke ci, amma ba mu shawarci kowa ya tsaya tantancewa ba. A ja da baya, a kwashe yara, a ba shi hanya. Mutane da yawa wajen ƙoƙarin kashe shi ne ya ke saransu.

Wadda ta fi yi wa manomanmu illa ita ce kububuwa, ga ta gajera, ga ta launin ƙasa, tana kwance ƙarƙashin dami ko tarin kara. Dafinta yana hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar jini ta dasashi da tsohon miki, wani lokaci bayan ya ɗauka ya warke. Kafin ka ɗaga dami ka juya shi da sanda. Ka sa takalmi mai rufi a gona, ka riƙe tocila da dare, ka kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. Wanda ke kwana a ƙasa ya cusa gefen gidan sauro ƙarƙashin tabarma.

In sara ta auku, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da tsumagiya ko roba, gama ɗaurin nan ya sa an yanke ƙafafu da yawa. Baƙin dutse ba ya zuƙe dafi. A cire zobe da munduwa kafin wurin ya kumbura, a sa wa gaɓar tsinke kamar ta mai karaya don kada ta motsa, a ɗauki mutumin, kada a bar shi ya taka, a nufi asibiti. Allurar kashe dafi ita ce magani. Akwai asibitin da ya shahara da wannan aiki a Kaltungo cikin jihar Gombe, akwai kuma na Zamko a jihar Filato. Kowane sarkin noma ya kamata ya bincika tun yanzu wane asibiti ne mafi kusa da ke ajiye allurar, ya kuma san mai mota ko babur da za a tasa da tsakar dare. In kuwa maciji mai tofi ne ya fesa wa mutum dafi a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a idon nan take, da yawa, kada a murza, sa'an nan a kai shi wurin likita.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki zancen gara, da yadda za a tsare azara da rumbu daga gare ta.